Baba Tiyamiyu Ya Tsallaka Kwata

A layinmu na masu gyaran na'urar gem, wato ta wasan bidiyo, a Ikeja, kwata ce ta raba mu gida biyu. Ba wata babbar kwata ba ce, taku ɗaya ce, an ma ɗora mata katako. Hannun dama masu gyaran Damisa ne, hannun hagu masu gyaran Tauraro. Kamfanonin da ke ƙera na'urorin nan biyu suna da sunayensu can a ƙasashensu, mu dai da hoton da ke kan murfi muke kiran su, har masu saye ma suka ɗauka.

Tiyamiyu Oyekan shi ne mafi daɗewa a hannun dama. Shekararsa hamsin da takwas, ashirin da shida daga ciki a kan Damisa ya yi su. Mutumin garin Iwo ne. Da rediyo ya fara yana saurayi, daga nan talabijin mai ƙusumbi, daga nan bidiyo mai kaset. Kowanne yana zaune ya ga an daina kawo shi, kowanne kuma sai da ya koma ya durƙusa wa wani ya koyi na gaba. Da Damisa ta farko ta shigo gari, sai ya sayi matacciya guda, ya yi wata biyu yana buɗe ta yana rufewa har hannunsa ya haddace ta. Ranar da ya gyara ta farko ya ce wa matarsa Abeke, daga wannan ya rufe koyo. Ya gaji da zama sabon shiga.

Shagonsa taku uku ne a tsaye, biyu a kwance. Teburi, fitila, gilashin ƙara girma, ƙarfen narka dalma, sai bango guda cike da matattun na'urori da muke kira gawa, inda yake ciro kayan gyara. Sau huɗu Damisa tana sake kama a shekarun nan, amma masu ƙira ɗaya ne, shi kuwa ya san halinsu. Yana iya buɗe ta idonsa na kan titi. Ya kwance sukuru, ya danna gefe biyu da manyan yatsu, ya fizge murfin sama gaba ɗaya. Ƙas! Idan ka ji wannan ƙara da safe, ka san Baba ya iso, aiki ya fara.

Akwai doka a layin. Ba ka ɗora na'ura a teburinka sai wadda aka yaye ka a kanta. Yaye kuwa sai ka zauna a ƙarƙashin wani ya koya maka, ya kira ƙungiya ya ce hannunka ya nuna, a ci a sha, a ba ka takarda. Idan mai Tauraro ya shigo shagon hannun dama, ba ka taɓa masa kaya, sai ka nuna masa kwata. Wanda aka kama ya karya wannan, ana sa wa shagonsa kwaɗo.

Tiyamiyu ne ya kawo dokar. Kowa ya san dalili, ko da yake ba a faɗa a gabansa.

Shekara goma sha biyar da suka wuce yana da wata mai koyo, Morenike. Shekara huɗu ta yi a hannunsa, kuma bai taɓa samun mai hannu irin nata ba. Ba ya yabo. Idan ta yi gaggawa, da ƙotar sukudireba yake ƙwanƙwasa mata yatsu. Bayan ya yaye ta da wata shida, sai ta zo ta ce masa Tauraro ta fara yawa a gari, tana so ta riƙa haɗa biyun. Shi kuwa ya ɗauki abin a matsayin cin amana. A taron ƙungiya na ƙarshen wata ya miƙe ya ce masu karambani suna ɓata sunan layi, duk mai son wata na'ura ya je ya koye ta daga tushe. Aka yarda. Morenike ta tsallaka kwata da goyon jariri a bayanta, ta sake yin shekara biyu tana shara da sayo abinci a shagon wani. Yau shagonta ne ke kallon nasa, ƙofa da ƙofa, kuma shi ne ya fi kowane shago ciniki a hannun hagu. Duk layi Iya Tobi ake ce mata, da sunan ɗan nan da ta goya. Tiyamiyu kaɗai ne har yanzu yake kiran ta Morenike gatsau, idan ma ya kira. Ita kuwa kullum da safe sai ta rusuna daga bakin ƙofarta ta ce, "Oga, an tashi lafiya?" Ya ɗaga mata sukudireba. Shi ke nan gaisuwarsu ta shekara goma sha biyar.

Tauraro ta fi Damisa yawa a Legas nesa ba kusa ba. Abin da ya riƙe Damisa shi ne wasanninta, musamman wanda muke kira Maharbi, da wasu uku ko huɗu. Ba ka samun su ko'ina sai a cikinta. Mai son Maharbi dole ya sayi Damisa, idan ta lalace dole ya zo hannun dama. Da wannan dolen Tiyamiyu ya aurar da 'ya'ya biyu.

A farkon daminar bana labari ya fara yawo a wayoyin mutane, wai kamfanin Damisa yana tunanin sakin wasanninsa su riƙa hawa kan Tauraro. Obiora, shugaban ƙungiyarmu, shi ya kawo masa labarin har teburi. Mutum ne mai tumbi da son tsokana, ya tsaya a ƙofa ya tare haske.

"Baba T, ka ji mutanenka za su sayar da kai?"

"Matsa, ka tare mini fitilar Allah."

"Wallahi ga shi a waya. Maharbinka zai yi ƙaura, zai tsallaka kwata. Ko sallama bai yi maka ba?"

Tiyamiyu bai ɗago ba. "Kamfanin ne ya faɗa da bakinsa?"

"Sun ce suna dubawa."

"To idan sun gama dubawa, a zo a tashe ni."

"Tsoho mai taurin kai! Ranar da za ka dawo sayar da gyaɗa, ni zan fara saya."

"Da wannan tumbin, ai kai za ka cinye jarin."

Aka yi dariya, Obiora ya wuce. Tiyamiyu bai ɗauki surutun waya a bakin komai ba. Ya sha jin irinsa. An taɓa cewa wayar hannu za ta kashe gem, ga shi nan yana cin abinci. Wata guda ana ta musu a layi, masu cewa ƙarya ne, masu cewa an riga an sa hannu, masu cewa wasa biyu kawai za a saki ban da Maharbi. Shi bai tsoma baki ba ko sau ɗaya.

Cikin na'urorin ne ya gaya masa gaskiya.

Na'urar da ake wasa da ita, idan ka buɗe, ƙura za ka tarar ta yi kitso a fanka, wani lokaci har da kyankyasai da suka shiga neman ɗumi. Wannan dattin lafiya ne. Yana nufin kullum ana kunna ta. Amma daga tsakiyar damina sai ya fara buɗe wasu da fankarsu fes, farantin ciki da aka manna kayan lantarki a kai kuwa ya yi koren tsatsa, ga warin rima. Na'urar da aka ajiye a ƙarƙashin gado ke nan, aka manta da ita har danshi ya ci ta. Masu kawo su kuma maganarsu ɗaya: "Baba, ka ɗan taɓa ta ta kama, sayarwa zan yi." Ba wanda ya jira kamfani ya gama dubawa. Kowa na son ya rabu da tasa kafin ta zama gawa a hannunsa, ya koma inda za a tara wasannin duka.

Masu shigo da kaya ma suka daina kawo sabbin Damisa. Shaguna biyu a hannun dama suka koma gyaran waya. Akwai ranar Laraba da Tiyamiyu ya zauna tun safe har la'asar bai kunna ƙarfen dalma ba. Yana zaune yana kallon mutane sun yi layi a kan bencin Morenike, kowa rungume da kayansa kamar masu jiran likita. Ba wanda ya ji ƙas a ranar.

Ran Lahadi da hantsi Abeke ta ajiye masa tuwon amala da miyar ewedu, ta zauna a gefe tana kallon yadda yake juya loma.

"Baban Sikira, abincin ne bai yi ba, ko bakin ne?"

"Bakin ne."

"Ƙanenka ya sake bugowa. Ya ce ɗakin nan na Iwo yana nan, gonar rogon ma ba mai duba ta."

"Ni da rabona da fartanya shekara arba'in? Rogon ne zai noma ni."

"To ka je wurin yarinyar nan mana."

"Wace yarinya?"

"Kai ma ka sani. Kullum tana gabanka kamar madubi."

Ya wanke hannu bai gama ba. Hanya biyu ce, kuma ya san su tun kafin ta faɗa: ko ya koyi Tauraro, ko ya ja ƙofar shago ya koma Iwo ya zauna jiran 'ya'ya su aiko. Koyon kuwa, bisa dokar da ya kawo da bakinsa, sai a ƙarƙashin wani. Duk masu shago a hannun hagu ya girme su, rabinsu a gabansa suka fara gemu.

Sai ga Efosa ran Talata. Tun yana ɗalibi yake kawo wa Tiyamiyu gyara, yanzu ma'aikacin banki ne da mota da sanƙo. Ya shigo da jaka, ya zuge, ya fito da Tauraro ya ɗora a teburi. Bai ma iya haɗa ido da Tiyamiyu ba.

"Baba, ka yi haƙuri, na canza sheƙa. Yara ne suka matsa."

"Yaran ne ke da sanƙo?"

Efosa ya yi dariya. "To ni ne. Zafi take yi tana mutuwa. Ni ban yarda da hannun kowa ba sai naka."

Abin da ya kamata shi ne ya nuna masa kwata. Sau dubu ya yi hakan, da haɓa ma yake nunawa, ba ya ko ɗaga hannu. Ya dubi na'urar. Zafi da mutuwa ai fanka ce, ko man da ke kan ƙwaƙwalwarta ya bushe. Aikin minti ashirin. Ya leƙa waje, Morenike ta duƙufa a kan aikinta.

"Bar ta. Ka dawo da yamma."

Da Efosa ya tafi, sai ya saki labulen ƙofa, abin da ba ya yi sai zai yi salla. Ya juya na'urar, ya sami sukurorin, ya kwance su ɗaya bayan ɗaya ya jera. Har nan lafiya. Ya ce wa kansa a hankali zai bi. Amma hannun da ya yi shekara ashirin da shida yana abu ɗaya ba ya jiran shawara. Manyan yatsunsa suka sami gefe biyu da kansu, suka danna, suka fizge.

Ba ƙas ya ji ba. Wata 'yar ƙara ce kamar an yage takarda.

Murfin Damisa roba ce zalla, ba abin da ke haɗe da ita. Murfin Tauraro kuwa akwai wata siririyar waya mai faɗi kamar zirin leda da ta haɗa shi da farantin ciki. Ɗaga shi ake yi kaɗan, a zura yatsa a saki wayar, sannan a cire. Duk wanda ya yi kwana uku a hannun hagu ya san wannan. Wayar ta rabu biyu, ta kuma tafi da ɗan bakin da take shiga, ta ɓamɓaro shi daga farantin.

Ya daɗe yana kallon ɓarnar ta cikin gilashi. Ya juya ya dubi bangon gawa, sama da na'ura ɗari, ba ko ɗaya mai irin wannan wayar. Zai iya cewa Efosa haka ya same ta. Efosa zai yarda, ai ya ce bai yarda da kowa ba sai shi. Wannan ne ma ya hana.

Ya tattara sukurorin a murfin kwalba, ya naɗe na'urar a tsohon tawul, ya ɗage labule. Rana tsaka, layi cike. Ya taka katakon kwatar nan da bai taɓa takawa ba. Mai sayar da burodi da wake da ke zaune a bakin kwatar ta bi shi da ido, cokali a hannu.

Morenike ta gan shi ta miƙe tsaye. "Oga! Lafiya?"

Ya ajiye tawul ɗin a teburinta ya buɗe. Ta duba. Ba ta tambayi wanda ya yi ba. Ta dubi masu jira a benci ta ce su ɗan ba ta wuri, su je su sha iska. Da suka fita, ta jawo masa kujera, ya ƙi zama.

Yana tsaye ta yi aikin. Ta ciro wani bakin daga gawa, ta goge wurin, ta ɗora shi da ɗigon dalma ƙanana kamar ƙwayar gero, ta sa sabuwar waya. Ta wanke fankar, ta sake man. Yadda take riƙe ƙarfen, ɗan ƙaramin yatsa a dafe da teburi, nasa ne. Shi ya koya mata. Ta kunna, na'ura ta kama, fanka na juyawa shiru.

"Ba wanda ya gani," in ji ta, tana mayar da sukuru. "Ka ce aiko ka aka yi ka kawo mini."

"Mai burodi ta gani."

"Mai burodi ba ta cikin ƙungiya."

"Ni ina ciki."

Ta ajiye sukudireba. "To me kake so, Oga?"

Ya miƙa hannu ya jawo tawul ɗinsa. Ya naɗe na'urar ya koma. Da yamma Efosa ya zo, Tiyamiyu ya gaya masa duk abin da ya faru, ya ce wadda ta gyara ga ta can, daga yau can zai riƙa kai wa.

Washegari ya sami Obiora a shagonsa ya faɗa masa ya karya doka. Obiora ya rufe ƙofa, tsokanar nan duk ta gudu.

"Baba T, wa zai sa wa shagonka kwaɗo? Ni? Ka rufa mini asiri. Bari in gaya maka, takardar yaye tana cikin durowar nan. In rubuta sunanka, in buga hatimi, gobe ka fara karɓar Tauraro. Duk layin nan wa zai ce ba ka iya ba?"

"Wayar da na yage."

"Kuskure ne, kowa na yi."

"Ka ba ni takarda yau, gobe in yage ta wani. Takardar ce za ta riƙe mini hannu?"

Obiora ya shafa tumbi. "To je wurin Kunle a ƙarshen layi. Namiji ne, ba surutu, wata uku ya sallame ka."

"Kunle da ke barin dalma kamar kashin kaza? Wanda ya fi iyawa nake so."

"Ka san ko wace ce."

"Na sani."

"Ka kuma san abin da ake yi ranar shiga."

"Ni na rubuta, Ciyaman."

Ran Litinin da safe ya zo da kayan shiga koyo kamar kowa: goro, katan ɗin lemo, da sabuwar tsintsiya. Abeke ce ta zaɓo tsintsiyar, ta ce idan za a yi abu a yi shi da kyau. Ya sa wankakkiyar riga. Ba a yi shela ba, amma duk layi ya fito, dama da hagu, har masu gyaran waya na bayanmu. Wani daga baya ya ce, "Yau Damisa za ta yi sallama da haƙora." Aka ƙyalƙyale, Obiora ya juya ya harare su, aka yi tsit.

Al'ada ita ce mai shiga ya kwanta rub da ciki a gaban mai koyarwa, a gaban shaidu, ya ce ya zo koyo. Tiyamiyu ya ajiye kayan a bakin ƙofa, ya cire hula, ya fara sauka. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Morenike ta yi tsalle gefe kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Haba Oga! Ka rufa mini asiri! Ciyaman, ka hana shi mana! Uba ne fa!"

"Tsaya a wurinki," in ji Tiyamiyu, hannunsa ɗaya a ƙasa. "Ke da kika yi naki, wa ya ɗauke miki?"

"Wannan daban."

"Ba daban ba ne. Tsaya in gama, gwiwata ba za ta yi sau biyu ba."

Ta tsaya, amma ba a tsaye ba. Ta zube a kan gwiwoyinta a kan simintin, ta sunkuyar da kai. Haka aka yi shi, shi a kwance, ita a durƙushe, Obiora a tsakiya yana kallon sama. Tiyamiyu ya ce, da muryar da kowa ya ji, "Iya Tobi, na zo koyo." Sai da mutum biyu suka kama shi ya tashi. Gaban rigar duk ya yi ƙasa.

Obiora ya buɗe littafin ƙungiya ya tambayi wa'adi, don mai koyarwa ne ke yankawa. Morenike ta share ido da gefen ɗankwali. Sannan ta dubi Tiyamiyu.

"Shekara biyu ka sa na yi, Oga."

"Biyu ne."

"Da goyo."

"Na gani. Ina zaune can ina kallo."

"Ba ka taɓa cewa komai ba."

"Ban ce ba."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Tsintsiyar kawai ya ɗauka ya riƙe. Ta dube shi, ta dubi tsintsiyar.

"Ciyaman, kada ka rubuta wa'adi. Ranar da hannunsa ya daina fizga zan kira ka. Ko wata biyu ne, ko shekara biyar. Ba zan rage masa don kunya ba."

"Haka nake so," in ji Tiyamiyu.

Aka raba goro, aka sha lemo, kowa ya koma bakin aikinsa.

Wata na uku ke nan yanzu. Da safe yana hannun hagu, bayan azahar ya tsallaka ya buɗe nasa shagon, ko za a kawo Damisa. Wata rana a kawo ɗaya, wata rana babu. Morenike ta yaye mai koyonta na ƙarshe tun kafin azumi, don haka shara tasa ce, kuma yana yin ta kafin ta iso. Sayo abinci ne kawai ta hana shi, suka yi rigima a kai, ta ce idan ya ƙara ɗaukar kwano za ta kore shi. Yana ce mata Oga. Ita ma Oga take ce masa. Masu kawo gyara sukan rikice su rasa wa za su miƙa wa kaya.

Ba ta ba shi na'urar mutane tukuna. Gawa take ba shi, ya zauna a ɗan gajeren benci a gefen teburi, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Idonsa ba kamar da ba, bakin wayar nan kuwa ƙanƙane ne, sai ya kusan manna hanci da gilashi. Wayoyi huɗu ya yage a watan farko, biyu a na biyu. Da la'asar bayansa yakan riƙe, ya miƙe da ƙyar yana dafa bango.

Kamfanin Damisa har yau bai ce e ba, bai ce a'a ba. Makon jiya Obiora ya zo da waya a hannu yana murna.

"Baba T! Sun yi magana! Sun ce Damisa tana nan daram, ba inda za ta, wai suna tare da masoyansu har abada. Ka ga da ka yi haƙuri, da ba ka ɓata rigarka ba."

Tiyamiyu na kan benci, gawa a cinya. "Maharbi fa?"

"Wannan sun ce suna kan dubawa."

"To."

Ya mayar da kai kan aikinsa. Ya kwance sukuru na ƙarshe ya ajiye a murfin kwalba. Manyan yatsunsa suka zame suka nufi gefe biyu. Morenike ba ta ko juyo ba, ta ɗauki sukudireba ta ƙwanƙwasa ƙotar a kan teburi sau biyu.

Ya tsaya. Ya janye yatsun, ya ja numfashi. Ya ɗaga murfin kaɗan, ya karkata kai ya leƙa ciki, yana neman wayar.